Bi Kubanni Ka San Zariya: Darasin da Ba a Rubuta Shi a Allo



Wani abokin karatuna ɗan Yawuri, wanda ya tashi yana kallon Kogin Kwara daga ƙofar gidansu, ya taɓa yi mini ba'a cewa Zariya gari ne na littafi da ƙura, babu inda mutum zai zauna bakin ruwa ya sha iska. A ranar ban iya mayar masa da martani ba, domin ni ma a lokacin iyakata aji, ɗaki, masallaci, sai kasuwar Sabon Gari idan an turo ɗan kuɗi daga gida. Yanzu da nake shekarar ƙarshe ta difloma, saura 'yan watanni in tattara komatsaina, na gane cewa da ni da shi duk mun yi kuskure. Zariya tana da ruwa. Kullum muna tsallake shi a cikin Keke Napep, wasunmu ma da hannu a hanci, ba mu taɓa tambayar sunansa ba. Sunansa Kubanni, kuma wanda ya bi shi daga Samaru zuwa Sabon Gari zai fahimci dalilin da ya sa garin nan ya zauna yadda ya zauna.

Wani malaminmu ya ce tambaya uku ake yi wa kowane kogi: daga ina ya taso, me ke shiga cikinsa, wa ke cin abinci da shi. Da su na yi wannan yawo, da su kuma nake so ku yi naku.

Ta farko tana da sauƙi. Kubanni ya taso ne daga tuddan Kampagi, wajen Shika, ya gangaro ta bayan Samaru, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, sannan ya zuba a Kogin Galma. Galma ta kai shi Kogin Kaduna, Kaduna ta kai shi Kwara. Ke nan ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadarmu yau, wata rana zai bi ta Lakwaja ya faɗa teku. Na gaya wa mutumin Yawuri cewa kogin da yake taƙama da shi, har da gudummawarmu a ciki.

A Samaru ya kamata a fara, kuma da sassafe. Samaru dai a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari take, abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba. Tun 1922 Turawa suka kafa tashar binciken aikin gona a nan, wadda ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yanzu. Jami'ar Ahmadu Bello ta zo daga baya, a 1962. Da jama'a suka yi yawa, sai aka datse Kubanni a farkon shekarun 1970 domin samar wa jami'ar ruwan sha. Wannan madatsa ita ce kowa ke kira dam ɗin ABU. Idan za ku je, ku nemi izinin masu tsaro, ku riƙe katin shaidarku na ɗalibai, kada a je a yi abin kunya a bakin ƙofa.

Wallahi wurin yana da kyau. Lokacin hunturu hazo yakan kwanta a kan ruwan har sai rana ta ɗaga. Za ka ga balbela garke-garke, ka ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, da farkon damina kuma shamuwa ta iso. Amma mai zuwa domin ɗaukar hoto kawai ba zai ga abin da ke faruwa a ƙasa ba. Madatsa irin wannan tana mutuwa ne a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Ga yadda abin yake: idan aka sare itatuwan bakin rafi, aka yi noma har gaɓa, aka yi ta ɗibar yashi, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya zubo da ita. Muddin ruwa yana gudu, yana ɗauke da ƙasar nan. Da zarar ya shigo madatsa ya tsaya, sai ya sauke kayansa. Shekara bayan shekara laka tana taruwa, faɗin ruwan yana nan yadda ido ya saba gani, amma zurfin ya ragu, ruwan da zai kai jama'a ƙarshen rani ya ragu tare da shi. Masu bincike a jami'ar sun daɗe suna rubutu kan wannan matsala ta Kubanni.

Kowa zai iya gwada wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Ku ɗebi ruwan rafin a gorar roba a watan Agusta, ku ajiye shi ya kwana, ku auna kaurin lakar da ta kwanta da rula. Ku sake yin haka a watan Janairu, a wuri ɗaya, da gora iri ɗaya. Bambancin da za ku gani shi ne gonar wani da ta narke. Masu neman abin da za su rubuta a furojet, musamman 'yan sashen gine-gine da na kimiyyar gwaje-gwaje, ga batu nan kwance a bakin hanya, ya fi kwafo aikin wani daga intanet.

Kafin a bar Samaru, a leƙa lambun sassaƙe-sassaƙe na sashen zane-zanen jami'ar. A wannan harabar ce, tun tana kwalejin da ta haifi jami'ar, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kawai ba. Sa'anninmu ne a lokacin, yau kuma ana koyar da tarihinsu a jami'o'in duniya.

Daga nan sai a kamo hanyar gari. Za a wuce Palladan, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take tun 1964, a wuce Kwangila, a shigo PZ. Sunan nan na PZ daga kamfanin Paterson Zochonis ya fito, ɗaya daga cikin kamfanonin Turawa da suka kafa kantuna kusa da tashar jirgin ƙasa. Tashar kuwa ita ce uwar Sabon Gari. Dogo ya iso Zariya a 1911, kan hanyarsa ta zuwa Kano. Daga baya aka ja wani siririn layi daga nan zuwa Jos domin kuza, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja wani ta Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda domin auduga da gyaɗa. Ma'aikatan jirgi, akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika wurin, Turawa suka yanka masu unguwa dabam. Shi ya sa titunan tsohuwar Sabon Gari suke a miƙe, layi-layi, ba kamar lungunan cikin birni ba. Ku tsaya ku kalli tsoffin gidajen ma'aikatan reluwe da manyan ɗakunan ajiyar kaya. Ba a kafa masu allo an ce kayan tarihi ne ba, amma su ne.

Yanzu ku zo kan gadar da ta haɗa Sabon Gari da Tudun Wada, ku sauka daga mota, ku tsaya. A ganina nan ne tsakiyar darasin. A bayanku akwai tasha, bariki, unguwar Turawa da filin folo. A gabanku akwai Tudun Wada, wadda aka keɓe wa 'yan Arewa baƙi, sannan can gaba ganuwa da birnin Sarki. Kubanni ne iyakar da ta raba duniyoyin nan biyu a zamanin mulkin mallaka. Duka ɓangarorin sai suka juya masa baya: gaban gida yana kallon titi, magudana tana kallon rafi. Har yau haka abin yake. Nan amsar tambaya ta biyu take, kuma ba ta da daɗin ji. Ruwan kwata, ledar fiya wata, baƙin mai daga garejin kanikawa, sharar kasuwa, duk can suke gangarawa. Kwalbar da na sha na jefar a kwata, ni ma tana ciki.

Tambaya ta uku ita ta fi tayar mini da hankali. Ku leƙa ƙasa da rani, za ku ga fadama kore shar: latas, kabeji, karas, tumatir, alayyafo, ana ba su ruwa da injin daga rafin nan. Akwai masu wankin mota da babur, akwai masu buga bulo, akwai yara masu kamun kifi. Iyalai da yawa da Kubanni suke ci. Kuma kayan lambun nan ba nisa suke zuwa ba, kasuwar da muke cefane suke shiga. Don haka mai cin kwaɗon latas a kwalejin nan yana da ruwa da tsaki a maganar, ko ya taɓa ganin rafin ko bai taɓa ba. A wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta kafin a ci.

Ba mu kaɗai muka taɓa juya wa ruwanmu baya ba. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sun taɓa rufe wani rafi da kankare suka ɗora titin sama a kansa. Tsakanin 2003 da 2005 suka rushe titin, suka buɗe rafin, ya zama wurin shan iska na tsakiyar gari. Ba na cewa muna da kuɗinsu. Amma shuka itatuwa a gaɓa da hana zuba shara ba sai da kuɗin Koriya ba. Nan kusa ma, Argungu ta riƙe Matan Fada da daraja, har bikin kamun kifinta ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016.

Wanda ya tsallake gada ya ga dama, ya ƙarasa birni ta Ƙofar Doka. Ragowar ganuwar da ake danganta wa Sarauniya Amina tana nan, duk da gine-gine suna cinta. Masallacin Juma'a da ke gaban fada, Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830, kuma an bar wani sashe na bakan gizonsa a cikin sabon ginin. Ɗalibin gine-gine da ya gama difloma bai shiga ya ɗaga kai ya kalli rufin nan ba, gaskiya ya cuci kansa. Masu ƙarfin ƙafa kuma su nufi dutsen Kufena ta wajen Wusasa, inda tsohuwar majami'ar ƙasa ta 1929 take. Daga saman dutsen za ka ga garin a shimfiɗe, ka gane hanyar rafuka ta koren layin da suka bari a tsakiyar rani. A tafi rukuni, a hau da safe, a sauko kafin azahar, domin dutsen yana ɗaukar zafi.

Magana ɗaya da ba zan yi wasa da ita ba: kada a shiga ruwa. Dam ruwan sha ne, ba wurin iyo ba. Lakar da na ambata tana riƙe ƙafa, kuma a watan Agusta ruwan da aka yi a Shika yana iya cika rafin a Sabon Gari alhali kai ko ɗigo ba ka gani ba. Sannan akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu sosai, tana fitowa ta huda fatar mutum, ba sai ya sha ruwan ba. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wani ƙanen abokina ya yi wanka a wani kududdufi ya kwaso ta, ya ɓoye wata da watanni saboda kunya, yana shan jiƙe-jiƙe. Da aka kai shi asibiti aka gwada fitsari, maganin da ake kira Praziquantel aka ba shi, ya warke. Idan aka bar ta kuwa tana lalata mafitsara har ta taɓa ƙoda. Duk wanda ya ga alama, mace ko namiji, ya je asibiti.

Mutumin Yawuri dai na kai shi dam ɗin wata Asabar, muka biyo har gada, muka ci masa da miyar taushe a Sabon Gari. Ya ce Kubanni ko ƙanen Kwara bai kai ba, sai dai jika. Na yarda. Amma shi ne ya fara ciro waya yana ɗaukar zalɓe, kuma gorar ruwan da muka ɗebo tana nan kan tagar ɗakinsa, yana jiran Janairu ya ɗebo ta biyu.