Amsar Tambaya: Rage Ƙarar Hanya A Cikin Mota

Tambaya daga Malam Madori: yaya ake rage ƙugin da ke cika mota a hanyar Gumel zuwa Haɗejia?

Ƙarar tana tasowa ne daga gogayyar taya da kwalta, ta bi ƙarfen ƙasan mota da ƙofofi ta shigo ciki. Kafin a sayi komai, sai makanike ya duba tayoyi da boris da robar bakin ƙofa, domin in boris ya ci, ba shimfiɗar da za ta ɓoye kukansa.

Daga nan a cire kujeru da kafet, a goge ƙura da maiƙo tas, a manna faifan roba mai bayan alminiyam, a danne shi sosai. Ba sai an rufe ko'ina ba. Tsakiyar ƙarfen da ke amsa kuwwa in an ƙwanƙwasa shi ne wurin aiki. Nau'in da aka yi da kwalta ya fi araha, amma zafin bazarar Jigawa kan narkar da shi, motar ta ɗauki wari.

Soson da za a ɗora a kai ya zama wanda ba ya shan ruwa, saboda a yankin fadama motar da ta ratsa ruwan damina kan riƙe danshi, ƙarfe ya yi tsatsa. Ramukan tsiyayar ruwa na gindin ƙofa kuma a bar su a buɗe.