Darasi: Yadda Ake Koyar Da Langa A Makarantar Firamare

Darasinmu na wannan wata na malaman firamare ne da iyayen yara, musamman na karkarar ƙasar Daura, tun daga Ɓaure da Zango har Mai'aduwa da Sandamu.

Tsarin ilmi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya sa motsa jiki cikin darussan firamare. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum. Amma a makarantu da dama, in lokacin darasin ya yi sai a ce babu ƙwallo, a tura yara shara ko ɗibar ruwa. Wannan asara ce, domin lafiya uwar jiki, kuma yaron da jikinsa ya mutu ba ya kama karatu sosai.

Rashin ƙwallo ba hujja ba ne. A makarantun Amurka akwai wani wasa da ake raba yara gida biyu, yaro ya shuri ƙwallo, ya ruga ya zagaya tashoshi uku ya dawo gida kafin a tare shi. Mu ma muna da wasan da ake tsere wa abokan karawa a isa gida, kuma ba ya bukatar sayen komai. Wannan wasa shi ne langa. Kada a raina shi don na dandali ne. Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, daga baya ta karɓi langa tare da dambe da kokawa. A can ana yin iri uku: ruwa, tureshi da kawoshi. Yau na ruwa za mu koya.

Shirya fili

A sami wuri mai rairayi, wanda ba shi da wuya a ƙasar Daura. A tsince ƙaya da ƙarangiya da fasassun kwalabe. A ja layi biyu da toka, tsakaninsu taki 20 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, taki 30 ga manya. Layi ɗaya mafari ne, ɗayan kuma gida.

Yadda ake wasan

1. A raba yara gida biyu, shida-shida, a daidaita su a girma da ƙarfi.
2. Kowane yaro ya ɗaga ƙafa ɗaya ta baya, ya riƙe ta da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar.
3. Ɓangaren da zai fara ya zaɓi mutum ɗaya, shi ne ruwa. Sauran su ne masu tsaronsa.
4. In malam ya busa usur, ruwa ya nufi gida, abokan karawa kuma su yi ƙoƙarin kayar da shi.
5. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa, ya mutu, sai ya koma gefe.
6. In ruwa ya isa gida, an sha, ɓangarensa ya sami maki ɗaya. In aka kashe shi, sai ɗaya ɓangaren su fid da nasu ruwan.

Rabon lokaci

In darasin na minti 35 ne, a ba minti 5 ga sassarfa da miƙe gaɓoɓi, minti 10 ga koyon tsalle da ƙafa ɗaya ba tare da ture ba, minti 15 ga wasan kansa, minti 5 kuma ga hutawa da shan ruwa. A aji mai yara 60, kada a bar 48 suna kallo. A ja fili biyu ko uku, manyan ɗalibai su taya malam alƙalanci. 'Yan mata su yi nasu a gefe guda tare da malama.

Abubuwan kiyayewa

A hana duka, da shaƙe wuya, da jan riga, da ture daga baya. A riƙa sauya ƙafa bayan kowane zagaye don kada ɗaya ta gaji. A yi wasan da safe kafin rana ta yi zafi. Yaro mai zazzaɓi ko ciwon ƙafa ya zauna ya riƙa rubuta maki, ya ƙaru da lissafi. Abu mafi muhimmanci, kada kullum ƙarfafa su zama ruwa. A zagaya da shi har ya kai ga ƙarami da mai jin kunya, domin a nan ne yara ke koyon kare mai rauni a cikinsu.

Iyaye kuma, a tambayi hedimasta ranar da ake wannan darasi, a taimaka da gyaran fili.

Tambayoyi

1. Wane ne ruwa a wasan langa?
2. Me ya sa ake sauya ƙafa?
3. Rubuta abubuwa uku da aka hana.