Auna Tasirin Manufofin Gwamnati Kan Lafiyar Jama'a: Darasi Daga Birnin Gombe

Injiniyan da ya shata hanya, da ma'aikacin da ya yanka filayen gidaje, da hukumar da ta datse kogi, kowannensu yana da hannu a cikin yawan majiyyatan da za su kwanta asibiti baɗi. Saboda haka ya wajaba a auna kowace manufa ta gwamnati da ma'aunin lafiya tun kafin a zartar da ita, a kuma sake aunawa bayan ta fara aiki. Birnin Gombe ya ba da misalai biyu masu amfani.

Misali na farko: Madatsar Dadin Kowa

Gwamnatin Tarayya ce ta gina madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan Kogin Gongola, gabas da Gombe. Daga nan ake jawo ruwan famfo zuwa birnin, kuma tsabtataccen ruwa yana rage cututtukan ciki, musamman ga yara. Manoman rani da masunta su ma sun samu abin yi. Amma ruwa kwantacce matattara ce ta sauro, kuma a cikinsa ne katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya take yaɗuwa. Ƙasar Senegal ta ga haka: an gama madatsar Diama a 1986, cikin 'yan shekaru tsargiya ta ɓarke a garin Richard Toll. Darasin shi ne, aiki ɗaya yana iya kawo lafiya ga mai buɗe famfo a Bolari, ya bar yaron da ke wanka a bakin ruwa cikin haɗari. Awo na gaskiya sai ya ƙidaya su duka biyu.

Misali na biyu: Bunƙasar birni

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, Gombe ta zama babban birni. Jama'a suka ƙaru, gine-gine suka bazu. To, garin yana zaune ne cikin kwari, ƙasarsa kuma rairayi ce. Idan rufin kwano da kwalta suka hana ruwan sama nutsewa, sai ya gangaro da ƙarfi, ya faɗaɗa kwazazzabai. Ambaliyar watan Agusta na 2004 ta ci rayuka, ta rushe gidaje. Bayan irin wannan ambaliya, ƙazantar masai takan shiga rijiyoyi, amai da gudawa su biyo baya. Ashe rabon filaye da gina magudanan ruwa su ma aikin rigakafi ne.

Yadda ake yin awon

Na ɗaya, a tambaya: ta wace hanya wannan manufa za ta taɓa ruwan sha, da abinci, da iska, da muhallin mutane?

Na biyu, a rubuta halin da ake ciki kafin a fara, ta yin amfani da littattafan asibitocin shan magani da rahotannin duba-gari. In babu lissafin jiya, ba a sanin ko yau an ci gaba.

Na uku, a ji ta bakin masu unguwanni, da ungozomomi, da malamai, da mata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Na huɗu, a gyara shirin tun yana kan takarda, lokacin da gyara ke da araha.

Na biyar, a koma bayan shekara ɗaya, da bayan shekara biyar, a gwada lissafi da na farko.

Abin da doka ta tanada

Bayan gano sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988, Nijeriya ta kafa Doka mai lamba 86 ta 1992. Dokar ta tilasta a binciki tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su, a kuma baje rahoton don jama'a su duba, su faɗi ra'ayinsu. Wannan dama ce ta kowane ɗan ƙasa. Duk wanda ya ji sanarwar baje irin wannan rahoto a yankinsa, ya kamata ya je ya karanta, ko ya sa a karanta masa, ya tambayi abin da aka tanada domin lafiyar iyalinsa. Rigakafi ya fi magani.