Amanar da Ke Ƙarƙashin Fatar Yaro

'Ya'yana malaman jinya, ku da kuke haramar tafiya aiki manyan asibitocin Ingila, Amurka ko Saudiyya, ku matso ku ji. Can za ku tarar da yaran da lalurar ƙwaƙwalwa ta sandarar wa gaɓoɓi tun suna jarirai. Wasunsu an dasa musu ɗan famfo a ƙarƙashin fatar ciki, da siririn tiyo da ya zagaya ta kwiɓi ya shiga ruwan laka, yana ɗiga maganin baklofen dare da rana. Masana biyu, Penn da Kroin, su suka buɗe wannan hanya a Amurka a 1984, hukumar magunguna ta ƙasar kuma ta amince da ita ga masu irin wannan lalura a 1996. Rahama ce babba: yaro ya samu barci, uwa ta iya miƙe masa ƙafa ta yi masa wanka.

Sai dai famfon nan amana ce. Yaro ramamme fatarsa ba kauri. Wurin kan yi ja, ya kumbura, ya tara mugunya, ƙwayar cuta ta bi tiyo ta zama sanƙarau. Ruwan laka kan yi yoyo. Tiyon kan lanƙwashe, ya goce ko ya tsinke. Batirin ma bai cika wuce shekara 7 ba.

Abin da na fi jiye muku tsoro shi ne maganin ya yanke farat ɗaya. Yaro zai fara ƙaiƙayi ba ƙurji, jiki ya ƙara sandarewa, zazzaɓi ya hau, hankali ya gushe, har ta kai ga rasa rai. In kuwa magani ya yi yawa, jiki sai ya saki, barci ya yi nauyi, numfashi ya ragu. Ko wanne kuka gani, ku kira likita nan take, kada ku ce sai gari ya waye. Ranar sake cika famfo da magani kuma kada ta kuskure.

Yawancin yaran nan ba su iya faɗin inda ke musu ciwo. Uwarsu ce bakinsu. In ta ce, "Yau ɗana ba daidai yake ba," ku ajiye biro ku saurare ta, ku duba famfon kafin ku ce zazzaɓi ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya sa waraka a hannunku, Ya yi muku albarka.