Jinyar Zuciya Ta Hanyar Aikin Hannu Da Shawara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai warkar da cututtukan jiki da na zuciya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata cuta wadda ba ta fitar da jini, ba ta kumbura, amma tana iya kwantar da mutum kamar yadda zazzaɓi ke kwantar da shi, watau baƙin ciki mai tsanani da firgita da waswasi. Tun daga 2009, lokacin da fitina ta ɓarke a ƙasar Barno, har zuwa hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da maƙwabtansu, yara da mata da tsofaffi masu yawa sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Wani yaron sai ya daina magana, wani ya koma fitsarin kwance, wata tsohuwar kuma ta ƙi abinci. Sau da yawa iyakar abin da a kan ce musu shi ne su yi haƙuri. Lalle haƙuri wajibi ne, amma bai hana neman magani ba.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, baƙin ciki ba alamar raunin imani ba ne. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Annabi Yaƙubu a cikin Suratu Yusuf, yadda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma Allah bai zarge shi a kan haka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu. Har wa yau Imamul Buhari ya ruwaito labarin ƙanen Anas ɗan Maliki, wani ƙaramin yaro da a ke yi wa alkunya da Abu Umairi, wanda ya ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Annabi bai raina damuwar yaron ba, sai ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Malamai sun ciro hukunce-hukunce da yawa daga wannan hadisi, a cikinsu har da cewa babba ya sauko inda yaro ya ke, ya shiga damuwarsa ta ƙofar abin da ya ke so.

Magabatan malamai ba su bar wannan fanni ba. Abu Zaidul Balhi, almajirin Alkindi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani Wal Anfusi, watau gyaran jikuna da rayuka. A cikinsa ya kasa cututtukan rai kashi huɗu: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da a ke sanin dalilinsa, kamar mutuwa ko hasarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba da wani dalili bayyananne ba, ya kuma nuna cewa na biyun tushensa a jiki ya ke, yana bukatar magani. Ya bayyana cewa jinyar rai iri biyu ce: wadda mutum ke yi wa kansa da kyakkyawan tunani, da wadda ke zuwa daga wani mai hikima da zai saurare shi ya yi masa nasiha, domin mutum ya fi karɓar magana daga waninsa a lokacin da damuwa ta rufe masa ido. Haka kuma asibitin da Sarki Kalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ya ware wa masu taɓin hankali sashensu, sa'an nan asibitin Sarki Bayazidu na biyu a Edirne ta ƙasar Turkiyya, wanda aka gama a 1488, ya shahara da jinyarsu da ƙarar ruwa da ƙamshi da sauti mai daɗi.

Amma jinya ta hanyar zane, a matsayin fanni mai suna da ƙa'idoji, ta samo asali ne a Ingila da Amurka. Wani mai zane Bature, Adrian Hill, ya kwanta jinyar tarin fuka, sai ya lura zanen da ya ke yi a kan gado yana rage masa ƙuncin doguwar kwanciya. Ya koya wa 'yan'uwansa majinyata, kuma shi ya raɗa wa wannan hanya suna a 1942. A Amurka kuwa Margaret Naumburg da Edith Kramer suka shimfiɗa mata tushe, musamman wajen yara. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki a Ingila a 1964, ta Amurka kuma a 1969.

Yadda a ke yin abin shi ne, a ba majinyaci takarda da launi, ko yumɓu, ko zare, a bar shi ya yi abin da ya zo masa a rai, ba tare da an duba kyau ko muninsa ba. Hikimar ita ce, abin da ya firgita mutum ya kan zauna a zuciyarsa da siffa da ƙara, ba da kalmomi ba, don haka hannu ya kan iya fitar da abin da harshe ya kasa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wani lokacin hannu a ke tambaya. Idan yaro ya zana gida da wuta a kansa, gwanin wannan aiki ba ya gaggawar fassara masa. Sai ya ce ya ba shi labarin abin da ya zana, yaron ya yi magana a kan takarda, wanda ya fi masa sauƙi bisa ga yin magana a kan kansa. Saurayi mai yawan fushi ya kan sami natsuwa a aikin da ke bukatar haƙuri. Matar da ke cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma tana samun sauƙi idan hannunta na kan ɗinkin hula ko saƙar faifai tare da 'yan'uwanta mata. Tsoho kuma, wanda mantuwa ta fara kama shi, aikin da ya saba da shi tun ƙuruciya ya kan buɗe masa bakin hira.

Mai tambaya zai ce, ina hukuncin zane a shari'a? Hanin da ya zo a hadisai ya shafi surar abu mai rai ne. Wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, sai ya hore shi da ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan mutum-mutumi cikakke mai inuwa, sun sassauta a kan zanen da ke shimfiɗe, sun kuma keɓe kayan wasan yara, saboda Nana A'isha tana da 'yartsana, har da doki mai fukafukai, Annabi ya gani ya yi dariya, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Wanda ya so kauce wa saɓani kuwa, fili a buɗe ya ke: ga zayyanar allo, ga kyautata rubutu da tawada, ga zanen ƙwarya, ga adon gini, ga aska takwas a gaban riga.

Sai dai aikin hannu shi kaɗai ba ya isa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ne shawara ta haɗin gwiwa ta shigo. Likita Thomas Adeoye Lambo ya gwada wannan a Aro, kusa da Abeokuta, tun daga 1954. Maimakon a kulle majinyata, sai aka saukar da su a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani ɗan'uwansa mai kula da shi, aka kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Wannan tsari ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin da ke ciki shi ne kowa ya tsaya a matsayinsa: likita ya duba cuta ya ba da magani, malami ya ƙarfafa zuciya da Alƙur'ani da addu'a, dangi su yi jinya, majinyaci kuma a ji ta bakinsa, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Akwai ladubba uku da ya wajaba a kiyaye. Na ɗaya, amana: abin da majinyaci ya faɗa ko ya zana sirrinsa ne, ba abin hira a majalisa ba. Na biyu, kada a tilasta wa yaro ya zana abin da ya firgita shi, kada kuma wanda bai koyi aikin ba ya ɗauki zane ya yanke hukunci a kansa. Na uku, idan mutum ya daina barci da cin abinci, ko yana jin muryoyi, ko ya ambaci kashe kansa, a gaggauta kai shi asibiti, irin su na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Ɗaure shi da mari ko dukansa zalunci ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan bayin Allah.

Saboda haka ya dace malaman Islamiyya da limamai da iyaye su lura da yaron da ya yi shiru bayan wata musiba, su miƙa masa takarda da alƙalami, su zauna kusa da shi, su saurara. Allah Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa a dace. Amin.