Yadda Ake Zaɓen Kwale-kwalen Da Ya Dace Da Matuƙinsa

Duk mai bibiyar TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon wani a cikin siririn jirgin ruwa mai launi, yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Sunan wannan jirgi kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da ke yankunan ƙanƙara na Girinlan da Kanada da Alaska, waɗanda suke ɗinka shi da fatar dabbar ruwa, suna auna shi daidai da jikin mai shi. A yau matashin da ke zaune a Illela zai iya yin odar irinsa ta waya daga Jumia ko AliExpress. Sai dai jirgin ruwa ya bambanta da sauran kayan oda: idan waya ba ta dace da mai ita ba, kuɗi ne suka tafi, idan jirgi bai dace ba, rai ne.

Wannan darasi zai nuna yadda ake karanta bayanan jirgi kamar yadda ake duba RAM da batir kafin sayen waya.

Na farko: wane ruwa za a shiga?

Illela ba ta da teku, amma tana da Tafkin Kalmalo, wanda ruwan Majiya ke gangarowa cikinsa daga Jamhuriyar Nijar ta yankin Birnin Ƙonni. Madatsun da aka gina a ɓangaren Nijar da kuma yawan ruwan damina su ne ke sa ya cika ko ya janye. Idan aka yi kudu akwai Tafkin Kware da Gulbin Rima, daga gabas kuma madatsar Goronyo. Kowanne da halinsa. Tafki marar zurfi yana da ciyawa da ƙaya da taɓo, gulbi yana da ja a lokacin damina, madatsa kuma tana da faɗin da iska ke tayar da igiyar ruwa a kanta.

Kayak ɗin teku yakan kai tsawon mita huɗu da rabi zuwa biyar da rabi, faɗinsa kuma bai cika wuce santimita 60 ba. An yi shi ne domin doguwar tafiya da keta igiyar ruwa. A ƙaramin tafki wahalar juyawa zai yi, kuma sabon shiga zai ji yana rawa a ƙarƙashinsa. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: tsawo yana ba da gudu da tafiya a miƙe, faɗi yana ba da natsuwa. Masunci mai miƙewa tsaye ya jefa birgi yana buƙatar jirgi mai faɗi da shimfiɗaɗɗen ƙasa. Mai son tsere irin na bikin kamun kifi na Argungu shi ke neman siriri.

Na biyu: nauyin da jirgi zai ɗauka

Jirgi yana yawo a kan ruwa ne saboda yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Da wannan kaɗai, kalkuletar waya ta isa a ƙiyasta ƙarfin kwale-kwalen katako.

Misali, a ɗauki jirgi mai tsawon mita 5, faɗin mita 0.8, zurfin mita 0.4. Idan aka ninka su za a samu 1.6, wato lita 1,600. Tun da jirgi ba akwati ba ne, gabansa da bayansa a tsuke suke, sai a ninka da 0.6, ya koma lita 960. Ba a son ruwa ya wuce rabin jikin jirgi, saboda haka a raba biyu: kilo 480. A cire nauyin jirgin kansa, a ce kilo 150. Abin da ya rage kilo 330 ne. Wato mutum biyar masu kilo 65, ko matuƙi da buhu biyu masu kilo ɗari-ɗari. Buhu na uku ya wuce iyaka. Wannan ƙiyasi ne, amma ya fi auna da ido.

Jiragen kamfani kuwa suna zuwa da adadinsu a rubuce, sau da yawa da ma'aunin fam na Amurka, wanda ake rubutawa lbs. A ninka shi da 0.45 ya koma kilo. Intex Explorer K2, wanda ake hurawa da iska, tsawonsa mita 3.12 ne, kuma an rubuta yana ɗaukar fam 400, wato kilo 180. Wannan adadi iyaka ce ta ƙarshe. Masu koyar da tuƙi sukan ba da shawarar a tsaya a wajen kashi 70 cikin ɗari, wato kilo 126. Ke nan samari biyu masu kilo 65 sun riga sun cika shi tun kafin a saka jaka.

Jihar Sakkwato ta san abin da kifewar kwale-kwale ke jawowa. A watan Afrilun 2022 mutum 29, akasarinsu yara da matasa, suka rasu a Gidan Magana da ke ƙaramar hukumar Shagari, a kan hanyarsu ta zuwa neman itace. A watan Agustan 2025 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo.

Na uku: da me aka ƙera shi?

Katako: shi aka saba da shi, kuma kafintan gari zai iya gyara shi. Yana da nauyi, iska ba ta wasa da shi. Aibinsa ruɓewa da tsagewa idan ya daɗe a busasshiyar ƙasa, abin lura ga tafkin da ke janyewa da rani. Mai saye ya danna katakon ƙasa da bakin wuƙa. Idan ya lotsa, ya ruɓe.

Faiba: ba ya ruɓewa, ya fi katako sauƙin nauyi, amma yana tsagewa idan ya daki dutse, kuma masu gyaransa ba su da yawa.

Roba mai tauri: tana jure duka da ja a kan yashi. Abokiyar gabarta rana ce. A yankin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, dole a ajiye ta a inuwa.

Na hurawa: shi ya fi araha, kuma ana naɗe shi a ɗora a babur. Amma ƙayar bagaruwa ɗaya ta isa ta sace masa iska, zafin rana yana kumbura iskar cikinsa har ɗinki ya buɗe, guguwa kuma tana kwasarsa kamar leda. A nemi mai ɗakunan iska aƙalla biyu, domin idan ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe. Bai dace da Rima a lokacin ambaliya ba.

Na huɗu: jikin matuƙi

Kayak ba a hawansa kamar kwale-kwale, shiga cikinsa ake yi. Ya kamata ƙafafu su taɓa matakin gaba, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ƙugu ya zauna ba tare da matsi ba. Ramin zama ya kasance da faɗin da mutum zai zame ya fita nan take idan jirgi ya kife. Ga sabon shiga, wanda ake zama a kansa a buɗe ya fi aminci. Babbar riga da dogon mayafi suna shan ruwa su naɗe mutum, don haka a sa tufafi marasa nauyi.

Na biyar: rigar kariya da waya

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta sa rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare. Rigunan suna da lamba: mai 50N ta wanda ya iya iyo ce a kusa da gaɓa, mai 100N ta ruwa mai natsuwa ce, mai 150N kuma an yi ta ne ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma. Wanda bai iya iyo ba kada ya sayi ƙasa da 100N. A ɗaure ta, wani ya ja kafaɗunta sama. Idan ta haura kunnuwa, ta yi yawa.

Waya mai alamar IP67 tana jure zurfin mita ɗaya na minti 30, amma ba ta yawo a kan ruwa, nutsewa take yi. A saka ta a jakar roba mai igiya, a ɗaure a jikin riga. A kusa da iyaka waya takan koma layin Nijar da kanta, saboda haka a ajiye lambobin gida da +234 a gabansu. A duba hasashen NiMet kafin fita, a kuma tura wa wani ɗan uwa wurin da ake ta WhatsApp.

Kafin a biya kuɗi

Jirgin katako a gwada shi a bakin gaɓa da cikakken kayan da zai riƙa ɗauka, a jira minti goma a ga ko yana yoyo. Na oda kuwa, tun da babu damar gwaji, a tabbata shafin ya nuna tsawo da faɗi da nauyin ɗauka da yawan ɗakunan iska. Idan babu su, a bar shi. Sannan a tambayi Sarkin Ruwa ko masuntan wurin inda rami yake da inda ruwa ke ja, domin taswirar waya ba ta nuna wannan.