Makomar Hujjar da Aka Samo ta Haramtacciyar Hanya: Nazari a Kan Shari'ar Mapp da Jihar Ohayo

Gyara na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a shekarar 1791, ya haramta wa hukuma binciken mutum ko gidansa ko takardunsa, ko ƙwace kayansa, ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ya kuma shardanta cewa takardar izinin bincike ba ta fita sai an yi rantsuwa, an fayyace wurin da za a bincika da abin da za a ɗauka. Sai dai gyaran bai faɗi makomar hujjar da aka samo ta hanyar keta shi ba. Wannan giɓi ne maƙalar ta duba.

A 1914, cikin shari'ar Weeks, Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotunan tarayya karɓar irin wannan hujja, amma hukuncin bai ɗaure jihohi ba, alhali a can ne ake sauraren yawancin ƙararrakin laifuka.

Ranar 23 ga Mayu, 1957, 'yan sandan birnin Cleveland suka je gidan Dollree Mapp neman wani da ake zargi da tayar da bam. Ta ƙi buɗe ƙofa, ta ce sai ta ga takardar izini. Bayan 'yan sa'o'i suka dawo da ƙarin jami'ai, suka shiga da ƙarfin tsiya, suka ɗaga mata wata takarda. Da ta fizge ta, suka ƙwace, suka sanya mata ankwa, suka birkice gidan. Abin da aka gurfanar da ita a kansa littattafan batsa ne da aka tarar, waɗanda ba su aka zo nema ba. Takardar izinin kuwa ba a taɓa gabatar da ita a gaban kotu ba. A 1961 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ɗora ƙa'idar Weeks a kan dukkan jihohi.

Masu suka na cewa ƙa'idar tana sakin mai laifi saboda kuskuren ɗan sanda. Sukar tana da nauyi, ita ce ma ta share fagen sassaucin da kotun ta yi a 1984 ga jami'in da ya dogara da takardar alƙali da kyakkyawar niyya. Duk da haka, jami'in da ya san hujjarsa za ta karɓu ko ta halin ƙaƙa ba shi da dalilin wahalar da kansa zuwa wurin alƙali.

Nijeriya ta bi wata hanya dabam. Sashe na 37 na Kundin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, amma Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 14 da 15, ta amince da hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba, sai idan alƙali ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Ke nan wanda aka kutsa wa gida ba da izini ba yana iya neman diyya, amma abin da aka ɗauko daga ɗakinsa yana iya kai shi kurkuku.